Hula Saba'in da Hadari

Litinin na shanya hula saba'in
a bakin shago, Ƙofar Wambai,
kowacce kife a kan gwangwaninta
kamar sahun mutane ba fuska.
Zanna, damanga, ƙube, tangaran,
da wata tsohuwar dara da gumi ya ci bakinta.
Hannuna na cikin sitaci,
idona na gabas.
Layyar bana ta faɗo tsakiyar damina,
mai wankin hula kuwa jarinsa rana.

Talata da la'asar
hadari ya haɗo ta wajen Yankaba,
baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Na ƙwala wa Tasi'u kira,
ya bar shayinsa, muka hau kwasa.
Iska ta riga mu.
Ta ɗauki zannar Alhaji Mamuda,
wadda kuɗinta ya fi hayar shagona ta wata uku,
ta mirgina ta titi kamar garen yara,
wani adaidaita ɗauke da rago ya kauce mata,
kwata ce ba ta kauce ba.

Laraba ba rana, ba wuta.
Na hura gawayi,
na zauna ina gasa huluna kamar masara,
ina juya su, ina juya ƙarya:
ka dawo da azahar,
ka dawo bayan magariba,
wallahi taka ce a kan wuta.
Kowa mota na jiransa.
Mai zuwa Gumel, mai zuwa Rano,
Sallau direba da zai kwana a hanyar Jos,
ya karɓi tasa da danshinta,
ya ce tagar mota za ta ƙarasa mini aikin.

Ranar Arfa, baki a bushe, gari a jiƙe,
Inna ta kira daga Ringim.
Na buɗe baki zan kai ƙarar ruwa,
ta riga ni da hamdala:
gero ya kai gwiwa,
rijiyar bayan gida ta kawo,
yaushe za ka taho?
Na haɗiye ƙarata tare da miyau.
Na ce mata kuɗin mota ya ninka, Inna,
a tasha har but ana zama,
bari gari ya sarara.

Daren Salla sittin da tara suka tafi gidajensu.
Ɗaya ta rage, ƙube mai ruwan toka,
ta wani Malam Barau da bai dawo ba.
Tawa kuwa tana rataye a ƙusa
da dattin wata biyu.
Da safe na dube ta, na dubi ƙuben,
na ce aro ba sata ba ne.

A filin idi na san mutane ta ƙeya.
Ga wadda na gasa har ta so ƙonewa,
ga zannar da ta sha kwata
tana ƙyalli a sahun gaba,
mai ita bai san inda ta je ba.
Da aka sallame
wani ya dafa kafaɗata ta baya,
kansa ba komai sai furfura.
Ya daɗe yana kallon kaina.
Ya ce, wankin ya yi kyau,
in ka gama ka kawo mini gida,
ka zo da kwano, akwai hanta.

Asabar gari ya cika da ƙauri,
fatu a jibge, ƙudaje na tasu Sallar,
rana ta fito ƙwal
yanzu da ba ni da abin shanya.

Lahadi na shiga mota a Yankaba,
mu huɗu kacal, na miƙe ƙafa.
Soye na cikin gwangwanin madara,
atamfar Inna na cikin leda biyu.
Bayan Gezawa aka soma yayyafi.
Na zabura zan kira Tasi'u,
sai na tuna.
Na sauke gilashi,
na miƙa hannu waje.